Rikicin Direbobin Tirela Da Maigidansu: Yadda Aka Kashe Wutar A Zaure

Duk wanda yake zaune a zangunanmu na kewayen Tema ya san kukan tirela da asuba. Tun kafin ladan ya kira assalatu za ka ji ana ɗumama inji, yaran mota suna bin tayoyi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa da ƙarfe, mai koko da ƙosai kuma ta riga ta kafa tukunya a bakin gareji. Mun saba da wannan hayaniya har mun daina jin ta. To, akwai wata safiya da gari ya waye tsit. Motocin wani Alhaji na unguwarmu, tireloli fiye da goma, suna jere a garejinsa, wasu ma da lodi an rufe da tamfol, amma babu wanda ya hau. Direbobi sun tara makullai sun miƙa wa maigadi, sun koma gindin bishiya sun shimfiɗa tabarma.

Ba za mu kama suna ba, ko na Alhaji, ko na direbobi, ko na zangon. Dukansu namu ne, 'ya'yan wannan da na waɗancan kuma benci ɗaya suke zaune a ajinmu. Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo labarin shi ne, mu aka kira muka riƙe alƙalami a ranar sulhu, saboda haka gani muka yi, ba ji ba. Bugu da ƙari, irin wannan wuta tana nan tana ci a ƙarƙashin toka a gareji da yawa, daga Ashaiman har Kumasi da Tamale.

Bari mu fara da aikin kansa, domin mutane da yawa suna ganin direban tirela a saman kujera kamar sarki, ba su san abin da ke ciki ba. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, kayan da ke shiga arewacin Gana, da wani kaso na kayan Burkina Faso da Mali da Nijar, ta nan suke bi. Direba zai yi lodi a Tema, ya ratsa Akra, ya bi ta Nkawkaw zuwa Kumasi, daga nan Techiman, Kintampo, ya haye gadar Buipe da ta Yapei, ya shiga Tamale, ya wuce Walewale da Bolga, sannan ya tsaya a Paga a kan iyaka. Daga Tema zuwa Wagadugu kimanin kilomita dubu ne. A kan takarda tafiyar 'yan kwanaki ce. A zahiri kuwa, idan ka haɗa jiran lodi, da jiran takardun kwastan, da shingayen hanya, da jiran a sauke kaya, da neman kayan dawowa, mutum yakan bar gida mako biyu ko uku, wani lokaci har wata. A ƙarƙashin mota yake kwana, a bakin titi yake dafa abinci, da jarka yake alwala.

Wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Kalmar zango kanta daga ayari ta fito. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni tsakanin Kano da Salaga, da jakuna da 'yan alaro, madugu yana jan ragama, har yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa wasu garuruwa. Jaki ya tafi, tirela ta zo, amma wani abu guda bai canza ba: har yau mai dukiya yana damƙa wa wani mutum kayansa ya tura shi uwa duniya, ba tare da wata takarda a tsakaninsu ba sai amana. Amana kuwa ta riƙe mu shekaru aru-aru, ba mu raina ta ba. Sai dai a wannan gareji da muke magana, amanar ce ta tsufa, ba a yi mata gyara ba.

Direbobin nan ba ma'aikata suke kiran kansu ba, yaran Alhaji ne. Yawancinsu a hannunsa suka tashi. Sun shigo suna yaran mota, suna wanke gilashi da sa waigi a bayan taya, har suka iya tuƙi, ya biya musu kuɗin lasin. Shi ya yi wa wasu aure, shi yake ba da ragon suna, idan matar wani ta kwanta asibiti ɗansa yake aikawa da kuɗi. Baba suke ce masa. Wanda kake kira Baba kuwa, da wane baki za ka tambaye shi takardar albashi? Haka aka yi ta tafiya, kowa yana haɗiye abin da ke ransa, har tsadar 2022 ta zo. Masu karatu ba su manta ba. A farkon wannan shekara litar man dizal ba ta kai sidi 8 ba, amma a watan Nuwamba ta haura sidi 20, kuma a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Kuɗin hanya da Alhaji yake ba kowane direba, wato na abinci da na shinge da na ɗan gyaran da ba a rasa ba, yana nan yadda aka yanka shi tun kafin wannan guguwa. Aka ɗan ƙara wani abu daga baya, amma kwanon wake da shinkafa a Kintampo bai jira ƙarin ba.

Kuɗin hanya shi ne ƙorafi na farko, amma ba shi ne ya fi yi musu zafi ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne yankan albashi. Idan aka sauke shinkafa a Wagadugu aka ce buhu biyar sun yi ƙasa, ko ruwa ya taɓa wasu, sai a cire kuɗin daga albashin direba, ba a tambaye shi ba, ba a nuna masa takardar da aka ƙirga kayan a wurin lodi ba. Wani direba ya ce akwai watan da ya je karɓar albashi aka ce masa shi ne ma ake bi bashi. Haka kuma maganar sikeli. Hukumar manyan hanyoyi tana da wuraren auna nauyin mota a kan hanyar arewa, ƙasashen da ke amfani da Faransanci su ma sun yi tasu ƙa'idar tun 2005. Direba ba shi yake yanke yawan lodi ba, tsakanin mai kaya da mai mota ake gama wannan ciniki. Amma idan sikeli ya kama mota, direba ne yake kwana a wurin, kuma sau da yawa rabin tarar a kansa take ƙarewa. Sai kuma kwanakin jira. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da ECOWAS ta rufe iyakoki, kowa ya ji labarin motocin albasa da suka maƙale a kan iyakar Nijar da Benin kaya suna ruɓewa. Biyu daga cikin direbobin Alhaji sun sha irin wannan zama, suka ci bashi a can don su ci abinci, da suka dawo aka ce ai mota ba ta yi aiki ba, saboda haka babu abin da za a ba su.

Ruwa ba ya tsami banza, amma kuma ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Alhaji ma yana da nasa, kuma da muka ji shi jikinmu ya yi sanyi. Taya da kayan gyara duk da dala ake shigo da su, sidi kuwa ya faɗi. Inshora tana nan, bashin banki na motoci biyu yana nan, 'yan kasuwa kuma ba sa biyan kuɗin dako sai sun ga dama. Sannan ya kawo maganar da direbobi suka sunkuyar da kai: mai. Yana ba kowace mota litocin da ya san za su kai ta su dawo da ita, amma sai a buga masa waya daga Walewale a ce mai ya ƙare. Ya san ana zuƙe dizal ana sayarwa a hanya. Ya san ana ɗauko buhunan albasa ko gawayi a dawowa a sa kuɗin a aljihu, a zo a ce masa mota ta dawo wayam. Ya ce shi ya sa yake yankan albashi, domin abin da aka ɗauka ta bayan gida yake karɓowa ta ƙofar gaba.

A nan muka gane inda gizo yake saƙa. Maigida yana rage haƙƙi domin ya san ana ha'intarsa, yara suna ha'inci domin sun san an rage musu haƙƙi, kowa kuma yana ganin ramuwa yake yi. Babu wanda zai iya cewa ga ranar da abin ya fara.

Abin da ya fasa ƙurjin shi ne korar wani direba. Motarsa ta faɗi a gangara bayan Kintampo, cikin dare, bayan ya yi tuƙi tun asuba saboda mai kaya yana ta matsa wa Alhaji, Alhaji kuma yana matsa masa ta waya. Allah ya kiyaye rai, amma ya karye a hannu. Yana kwance aka aiko masa cewa ya nemi wani aiki. Kwana biyu bayan haka sauran suka ajiye makullai.

Yunƙurin farko na sasantawa bai je ko'ina ba. Wasu dattawa suka je gindin bishiya suka ce wa direbobi su yi haƙuri su koma aiki, Alhaji ubansu ne, daga baya a duba. Direbobi suka ce wannan "daga baya" sun shekara suna jiran ta. Alhaji ya fusata ya ce zai kawo sababbin direbobi daga Kumasi. Su kuma suka ce duk wanda ya taɓa mota sai dai a kwashi gawa, sannan za su kai ƙara ofishin ƙwadago a Akra. Kwantenoni biyu suna zaune ana lissafa musu kuɗin jinkiri kullum, wani ɗan kasuwa daga Wagadugu yana buga waya safe da yamma, a gidajen direbobi kuma tukunya ta fara yin sanyi. Mu kanmu mun gani a makaranta, domin yara uku sun daina zuwa da kuɗin tara.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba su bi hanyar da direbobin tankokin mai suka bi ba? A Yunin 2023 waɗannan sun ajiye aiki saboda lalacewar hanyoyin da ke zuwa ma'ajiyar mai, a Mayun 2024 kuma suka sake ajiyewa a kan albashi da sharuɗɗan aiki, kuma cikin 'yan kwanaki hukumar man fetur ta ƙasa, NPA, ta zaunar da su da masu motoci. Amsar ita ce, su suna da ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, kuma idan suka tsaya gidajen mai ne za su bushe, dole gwamnati ta ruga. Direbobi goma sha na mutum ɗaya, masu dakon shinkafa da siminti, idan suka tsaya babu wanda zai ji sai matansu da maigidansu.

Wanda ya juya akalar maganar wani ɗan zango ne da ya yi ritaya daga aikin ƙungiyar ƙwadago. Sarkin zango ne ya aika masa. Mutumin nan bai goyi bayan kowa ba. Ya je ya sami direbobi su kaɗai, ya karanta musu abin da Dokar Ƙwadago ta 2003, wato Doka ta 651, ta tanada game da yajin aiki. Dokar ta ce a fara da tattaunawa tsakanin ɓangarorin biyu. Idan ta ci tura a kai wa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005, ta naɗa mai shiga tsakani. Idan nan ma ba a daidaita ba, sannan ne mai son yajin aiki zai ba da sanarwar kwana bakwai a rubuce. Su kuwa ba su taka ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba. Ya gaya musu ƙarara cewa yajinsu ba ya cikin kariyar doka, Alhaji yana iya sallamarsu ko ya hana su albashin kwanakin, kuma wanda ya fasa gilashi ko ya tare wani direba, da 'yan sanda zai yi magana.

Daga nan ya wuce gidan Alhaji, ya buɗe masa wasu shafukan na wannan doka. Duk aikin da zai kai wata shida ko fiye, wajibi ne a rubuta yarjejeniyarsa. Ba a yi wa ma'aikaci tara a cire daga albashinsa. Idan asara ce aka yi ta kayan da ke hannunsa, ba a cire kuɗin sai an tabbatar shi ya jawo, an ba shi dama ya kare kansa, abin da za a cire bai wuce asarar ba, kuma ba a cire shi ta yadda iyalinsa za su tagayyara ba. Wanda ya yi shekara uku ko fiye yana aiki, ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda ko albashin wata a madadinta, kuma kora ba bisa ƙa'ida ba tana iya sa hukumar ta ce a mayar da mutum ko a biya shi diyya. Wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin diyya a ƙarƙashin wata doka ta 1987. Ƙa'idojin hanya na 2012 sun hana direban motar haya ya yi tuƙin fiye da awa huɗu a jere ba hutu, ko fiye da awa takwas a cikin awa ashirin da huɗu. Sannan ga babbar: dokar fansho ta 2008 ta wajabta wa maigida ya zuba kashi 13 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ma'aikaci ya zuba kashi 5.5, Alhaji kuwa bai taɓa yi wa ko mutum ɗaya rajista da SSNIT ba.

To, a wannan dare kowane ɓangare ya kwana da sanin cewa idan aka je Akra, shi ma akwai abin da zai amsa. A ganinmu wannan ne ya kawo su zaure. Doka ba ta shiga zauren ba, a bakin ƙofa ta tsaya, amma duk wanda ke ciki ya san tana nan tsaye.

An zauna ranar Lahadi bayan la'asar a zauren Sarki, aka tashi sallar magariba da isha, aka dawo, ba a watse ba sai wajen sha biyun dare. Akwai Sarki da fadawansa biyu, da Liman, da tsohon ɗan ƙwadagon nan, da Alhaji da babban ɗansa, da direbobi huɗu a madadin sauran, sai mu da littafi da biro. Dole mu faɗi wata gaskiya game da irin wannan zama: zaure yakan karkata wajen babba. Yaron da ya tashi a gidan mutum ba zai iya kallon idonsa a gaban Sarki ya ce "ka cuce ni" ba. Sau nawa aka yi sulhu a zangunanmu wanda ƙarshensa kawai a ce ƙarami ya durƙusa ya ba da haƙuri, a shafa fatiha, a tashi da ciwon yana nan? Sarki ya san da haka. Shi ya sa tun kafin ranar ya sa aka ji kowane ɓangare daban, muka rubuta ƙorafe-ƙorafen, kuma a zaure mu muka karanta su da bakinmu, ba direbobi ba. Da haka maganar ta fito ba tare da wani ya yi wa ubangidansa tsaurin ido ba.

Duk da haka sai da aka kusa tashi baram-baram. Da muka karanta maganar yankan albashi, Alhaji ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran da na yi wa aure yau su ne suke kirana azzalumi?" Sai babban direba, dattijo mai furfura wanda ya fi shekara ashirin a gidan, ya gyara zama ya ce, "Baba, ba mu manta alheri ba, kuma ba za mu manta ba. Amma alheri ranar da ka ga dama kake yi, cefane kuwa kullum ne." Zaure ya yi shiru. Shi wannan dattijo ne kuma, ba tare da an tambaye shi ba, ya amsa cewa maganar mai gaskiya ce, suna sayarwa, shi ma ya sayar. Muna jin wannan amsa ita ta sauko da Alhaji, domin abin da ya shekara yana so a faɗa a gaban mutane ke nan.

Da aka zo batun rubutawa, Alhaji ya ƙi. Ya ce shi maganarsa ita ce takardarsa, rubutu tsakanin uba da ɗa rashin yarda ne. Liman ne ya warware wannan. Ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba don ana zargin kowa ba, sai don ɗan Adam mai mantuwa ne kuma mai mutuwa. Ya ce, "Alhaji, yau kai ne. Gobe wannan yaron naka ne zai zauna a kujerar, shi kuwa bai yi wa kowa aure ba." Alhaji ya dubi ɗansa, ya ce a rubuta.

Abin da aka rubuta bai cika shafi biyu ba. Kuɗin hanya ba a yanka masa adadi na dindindin ba, domin an ga abin da hakan ya jawo. An ce za a zauna a duba shi duk bayan wata shida, ko kuma duk lokacin da farashin mai ya yi babban tsalle. A kan mai, an yarda Alhaji da direbobi biyu su fitar da litocin kowace hanya tare, da lodi da kuma wayam, abin da direba ya rage ta hanyar tuƙi mai kyau nasa ne, abin da ya wuce kuma sai ya yi bayani. Kayan dawowa, waɗanda da ake ɓoyewa, yanzu za a bayyana su, direban da ya samo su yana da kasonsa a cikin kuɗin dakon. Wannan sharaɗi ya fi kowanne burge mu, domin ya mayar da abin da ake yi a ɓoye ya zama halal, kuma kowa ya ƙaru. Ba za a ƙara yankan albashi ba sai direba ya sa hannu a ƙirgar kaya a wurin lodi, an nuna masa ta wurin saukewa, an kuma saurare shi a gaban babban direba. Tarar sikeli tana kan wanda ya ba da umarnin lodi. Kwanakin jira da suka wuce uku a kan iyaka ko a wurin sauke kaya, za a riƙa aika wa direba kuɗin abinci ta waya. Wanda ya karye an mayar da shi, Alhaji ya ɗauki kuɗin asibiti da albashinsa har ya warke. Su kuma direbobi sun haƙura da albashin kwanaki tara da suka yi a gindin bishiya, kuma sun ɗauki alkawarin cewa nan gaba ba za su ajiye makulli ba sai sun kawo kuka a rubuce an ba shi lokaci.

Mun rubuta da Hausa da Turanci. Da aka ga wasu direbobin sun fi gane ajami, wani almajirin Liman ya kwafe musu da shi. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, Sarki da Liman suka zama shaidu. Tsohon ɗan ƙwadagon ya ƙara mana wani haske da ya kamata shugabannin zango su sani: tun 2010 akwai dokar sasanta rigingimu a wajen kotu, Doka ta 798, wadda ta amince da hukuncin sulhu na gargajiya matuƙar ɓangarorin biyu sun yarda da kansu a yi musu, kuma idan an rubuta shi ana iya kai shi kotu a yi masa rajista. Wato zauren Sarki ba wasan yara ba ne a idon hukuma, in dai an bi ƙa'ida.

Maganar fansho ce ta zo da ɗaci. Alhaji ya yarda ya yi wa direbobi rajista, kuma ya yi. Amma mutum ba ya samun fansho na wata-wata sai ya zuba na wata 180, wato shekara goma sha biyar, kuma doka ba ta karɓar sabon shiga da ya haura shekara 45. Dattijon nan da ya fi kowa daɗewa, wanda maganarsa ta buɗe ƙofar sulhu, shi ne ƙofar fansho ta rufe a gabansa. Shekaru ashirin da wani abu a kan hanyar Paga, babu ko sidi ɗaya da aka ajiye da sunansa. Mu malaman makaranta muna yawan kukan albashi, kuma muna da dalili, amma a daren nan mun ji kunyar kukanmu, domin ko ba komai muna da takardar albashi da lambar fansho. Daga baya, ba a zaure ba, Alhaji ya kira shi ya ba shi tsohuwar mota guda a kan tsarin nan da aka sani a Gana, na ka yi aiki da mota kana biya a hankali har ta zama taka. Ko wannan ya biya shekarun da suka wuce, mu dai ba mu ce ba. Shi dattijon ya karɓa ya yi godiya.

Motoci sun tashi ranar Talata da asuba. Zuwa lokacin da muke wannan rubutu an zauna duba kuɗin hanya sau biyu, na biyun da ɗan tayar da jijiyar wuya, amma takarda aka ɗauko, ba makullai aka ajiye ba. An sami direba guda da aka kama da jarkokin mai a Buipe, aka bi matakan da aka rubuta, aka sallame shi, kuma babu wanda ya koma gindin bishiya saboda shi. Mun kuma ji cewa direbobin wani gareji sun aiko a ba su kwafin takardar.

Saura yaran mota. A zaure an ambace su sau ɗaya, aka ce ai su koyon sana'a suke yi, abin da direba ya ba su shi ne nasu, aka wuce. Mu ma da muke riƙe da biro ba mu ce uffan ba, kuma wannan laifinmu ne. Su ne suke kwana a kan kaya suna gadi, su suke shiga ƙarƙashin mota a tsakiyar titi, su suke sauka da gudu su sa waigi a gangara. Makon jiya wani tsohon ɗalibinmu, wanda ya bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare ya bi mota, ya same mu a ƙofar gida bayan magariba. Ya gaishe mu, ya ce, "Malam, an ce kai ka rubuta takardar. Don Allah duba mini, akwai sunanmu a ciki?" Muka ɗauko kwafinmu muka karanta masa daga farko har ƙarshe. Babu. Mun kai maganar gaban Sarki, ya ce a bari a sauko daga Babbar Sallah, a kira Alhaji da direbobi, a wannan karon kuma a kira yara biyu su ma su zauna.